Tsakanin Azahar da Magariba: Muhawara a Kan Rabon Yaran Gobir a Baitulmali

Daga cikin mas'alolin da suka cancanci masu hankali su zauna su yi musu duba na tsanaki a gabashin Jihar Sakkwato, musamman a Sabon Birni wadda ke jingine da iyakar Nijar, da Isa wadda ke maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara, akwai wata wadda ba a cika ambatonta ba saboda ƙarar bindiga ta danne kowace murya, ita ce mas'alar inda yaro yake, da abin da yake yi, da wanda yake tare da shi, tun daga lokacin da aka tashe shi daga makaranta har zuwa kiran sallar magariba, da kuma cikin dogon hutun nan da ke farawa a ƙarshen watan Yuli ya kai cikin Satumba. Tambayar ita ce, shin wajibi ne hukuma ta ware wani kaso sananne daga baitulmali domin darussan yamma, da koyon sana'a, da wasannin motsa jiki, da karatun hutu, ta kuma hana a taɓa wannan kaso duk ranar da kuɗi suka yi ƙaranci, ko kuwa wannan ƙari ne da za a iya jinkirtawa har Allah ya kawo sauƙi? Mutanen kirki sun saɓa a kan jawabin, kuma tun da kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba ta cancanci raini ba, adalci shi ne a saurari kowa har ya dasa aya kafin a yi tarjihi.

Dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga abin da aka yi wa yaran jihar nan na karatu a wajen sa'o'in aji cikin shekarun baya, da kuɗin baƙi aka yi shi ko da rance. Tun daga 2015 hukumar agaji ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyin wani shiri a Sakkwato da Bauchi wanda ya buɗe cibiyoyin koyon karatu ga yaran da ba su zuwa makaranta, ya kuma buga musu littattafan koyon karatu da Hausa, shirin AGILE na Bankin Duniya kuwa, wanda aka fara a 2020 daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗo da Sakkwato, yana da sashen da ke tara 'yan mata domin koya musu dabarun zaman duniya. To, a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, rance kuma kowane iri ne yana da ranar ƙarewa, hatta ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2016 an dakatar da ita a Janairun 2024. A Amurka kanta, cikin Yulin 2025, gwamnati ta riƙe kuɗin ilimi fiye da dala biliyan 6, a ciki har da na darussan bayan makaranta da na hutu, ba a sake su ba sai da iyaye da 'yan majalisa suka yi ca. Idan wannan kaso yana iya shiga haɗari a ƙasar da ke da wadata irin wannan, to, ina ga ƙasar da wadatarta ba ta kai ta kawo ba?

Masu ganin a jinkirta, waɗanda akwai malamai da dattawa da tsofaffin ma'aikatan ilimi a cikinsu, hujjarsu ta farko daga fiƙihu suka ɗauko ta, wato ba a shagala da nafila alhali farilla tana kan wuya. Suna cewa dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa hukuma shekara 9 na karatu kyauta ga kowane yaro, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin haka, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, amma ga shi shekara ashirin da ɗoriya bayan haka akwai ƙauyuka a wannan yanki da makarantarsu ta zama kango, malamin da aka tura ya gudu da ransa, allon bango ya tsage, rufin kwano ya tafi da iska, kuma a cikin garuruwan da jama'a suka taru an mai da wasu azuzuwan masaukin 'yan gudun hijira. A ganinsu, wanda bai iya tabbatar da darasin safe ba, idan ya zo yana maganar darasin yamma, ko dai bai san halin da ake ciki ba, ko kuwa yana neman wata sabuwar ƙofar fitar da kuɗi.

Hujja ta biyu ita ce ta tsaro, kuma ita ce mafi nauyi a zukatan iyaye. Babu wanda ya manta da sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, lokacin da gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na kan iyakoki, ko sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021, ko almajiran da aka kwashe daga Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada a Maris na 2024. Mutanen Sabon Birni kuma suna da nasu tabon da ya fi kusa: mutum fiye da 70 da aka kashe a ƙauyukansu cikin Mayun 2020, matafiyan da aka ƙone a cikin mota a Disamban 2021, da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a kan hanya ya rasu a hannun 'yan bindiga cikin Agustan 2024. Idan rawani bai tsira ba, in ji su, da wane ƙarfin hali za a tara yara ɗari a fili ɗaya a ce ana wasan ƙwallo? Kiyaye rai yana gaba da kiyaye komai, saboda haka kowace naira da ta samu, a kai ta ga soja da ɗan sanda da askarawan jiha, har ranar da manomi zai iya zuwa gonarsa ba tare da ya biya ɓarayin daji haraji ba.

Hujja ta uku ta shafi haƙƙin iyaye da al'adar ƙasa. Suna cewa yaron Gobir bai taɓa rasa abin yi da yamma ba, domin bayan la'asar akwai Islamiyya, da asuba da dare akwai makarantar allo, dogon hutu kuwa yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ake noma da maimai, lokacin da uba yake koya wa ɗansa riƙon hauya, uwa take koya wa ɗiyarta aikin gida, kuma wannan tarbiyya ce da babu jami'in gwamnati da zai iya ba da irinta. Suna jin tsoron cewa da zarar albashi ya shigo, malamin da yake karantarwa don neman lada zai koma jiran alawus, ran da alawus ya tsaya kuma karatu ya tsaya. Har sukan kafa hujja da abin da ya faru a Magami wajen shekarar 1788, inda Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ranar idi ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar dukiyar, domin malami ya fi ƙarfin faɗar gaskiya idan hannunsa bai shiga aljihun sarki ba. A kan wannan suke ɗora hujja ta huɗu, wato ta amana: a 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a ƙasar nan, da yawansu kuma suka lalace bayan 'yan shekaru saboda babu mai kula. Darasin yamma kuwa ya fi gini sauƙin cinyewa, tun da gini ko ba komai ana ganin tubalinsa, amma darasin da ba a yi ba sai a rubuta sunayen yara a takarda a ce an yi.

Masu ganin a ware kason a kuma kare shi ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan da suka faru ba, abin da suke musu a kai shi ne hukuncin da aka ciro daga gare su. Farkon abin da suke cewa, surar yaron Gobir da aka zana, wanda yake fita daga aji ya shiga gona ya fito ya shiga Islamiyya, sura ce ta zamanin da gona take hannun mai ita. Yau dubban iyalai sun baro ƙauyukansu sun taru a cikin Sabon Birni da Isa, wasu sun tsallaka zuwa yankin Maraɗi, inda tun 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya take tsugunar da su a wajajen Gidan Rumji, uban da zai koya wa ɗansa noma kuwa shi kansa yana zaune a inuwar shagon wani yana jiran a kira shi aikin lebura. Duk wanda ya tsaya a tashar mota da rana tsaka zai ga abin da ake nufi: yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, wani da tiren ruwan leda a ka, wani yana goge babur ɗin ɗan kabu-kabu don a ba shi ya ɗan zagaya, wasu sun yi cincirindo a ƙofar gidan kallo suna leƙe ta kafar labule saboda ba su da kuɗin shiga, kuma babu babba ko ɗaya da zai iya faɗin sunan uban kowannensu. Makarantar boko tana riƙe yaro sa'a biyar ko shida a yini, sauran wunin da dukan dogon hutu kuwa titi ne yake riƙe da shi, kuma wanda ya shuka gero ya bar gonar ba mai tsaro lokacin da ta yi kai, tsuntsaye ya noma wa.

Daga nan suke mai da hujjar tsaro a kan masu ita. Sanannen abu ne a wannan yanki cewa ɓarayin daji ba su shiga gari sai da ɗan gari, wanda jama'a suke kira infoma, shi yake gaya musu wanda ya sayar da sa, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi, da hanyar da jami'ai suka bi, akwai kuma masu kai musu mai da burodi da ƙwaya, kuma galibin waɗanda ake ja zuwa wannan mummunan aiki matasa ne da zaman banza da yunwa suka riga suka karya musu zuciya. Malaman usulu suna da babin toshe hanyoyin da ke kaiwa ga ɓarna, suna kuma da ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, to, idan tsaron rayuka farilla ne, kuma ba ya tabbata matuƙar daji yana samun sababbin hannuwa daga cikin gari, ta yaya za a kira abin da ke tsare waɗannan hannuwa nafila? Soja yana fuskantar wanda ya riga ya ɗauki bindiga, tela da maƙeri da malamin lissafi kuwa su ne suke tare da yaron tun bai kai ga ɗaukarta ba, kuma shari'a da ta yi umurni da kiyaye rai ita ce ta yi umurni da kiyaye hankali da zuriya, ba ta ce a bar biyun su lalace har a gama da na farko ba.

Game da tarihi kuwa, suna cewa labarin Magami ba a karanta shi har ƙarshe ba, domin Shehu da ya ƙi dukiya don kansa, ya nemi sarki ya bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji, wato ya ɗora wa hukuma nauyin share wa ilimi hanya. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, da aka kafa daula, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da jama'a a garuruwan ribaɗi na kan iyaka, ya kuma yi wa sarakuna wasiyya da su kula da masu sana'a da malamai a cikinsu, alhali yaƙi bai ƙare ba, domin sai a 1836 aka yi yaƙin Gawakuke. Nana Asma'u ta shirya 'Yan Taru, inda mata masu laƙabin jaji suke kai karatu ƙauyuka ga matan da ba su da halin zaman makaranta. A shekarun 1950 ma, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ba ta da arzikin man fetur, ta kafa Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa hidima, ana karatu da yamma a zaure da gindin itace, En'e tana biyan masu koyarwa ɗan abin hasafi, ana buga littattafai a Zariya. Magabata ba su jira zaman lafiya ya cika ko taska ta cika kafin su kai ilimi inda aji bai kai ba.

Suna ƙarawa da hujjar adalci. Ɗan mai hali da ke cikin birnin Sakkwato, idan aka yi hutu, ubansa yana biya masa kuɗin darasi na musamman, ya koyi kwamfuta, ya shirya wa jarrabawa, ɗan gudun hijirar da ya rasa shekara biyu ko uku na karatu kuwa ba shi da wata hanyar cim ma tsararsa in ba a sa'o'in yamma da na hutu ba, domin malamin safe ba zai tsai da aji ya koma da shi baya ba. Haka yarinyar da talla ta hana zuwa da safe. Baitulmali kuwa asalinsa haƙƙin raunana ne, maraya da miskini da ɗan tafarki, kuma kuɗin da ake magana ba na gina benaye ba ne, tun da azuzuwan suna nan a rufe daga azahar, abin da ake bukata shi ne alawus ɗin mai koyarwa, da alli da littafi, da keken ɗinki, da ƙwallo, da ɗan abin da yaro zai sa a bakinsa. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga asusun Tarayya ya ƙaru a lissafin naira, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda haka cewa babu kuɗi sam magana ce da take bukatar shaida.

Idan aka ɗora hujjojin nan a kan mizani, abin da ya bayyana gare ni shi ne, masu jinkirtawa sun yi gaskiya a kan haɗari da amana, amma sun yi kuskure a kan matsayin abin da ake jayayya a kansa. Da a ce ƙasar tana zaune lafiya, gona tana hannun manomi, zuriya tana tare a gida ɗaya, da na bi bayansu na ce hukuma ta tsaya ga darasin safe ta bar wa iyaye yammacinsu. Amma hukunci yana bin illarsa, kuma a garin da hukuma ta kasa tsare wa uba gonar da zai tarbiyyantar da ɗansa a cikinta, ba ta da bakin da za ta ce masa tarbiyyar yamma aikinsa ne shi kaɗai. Sa'o'in da ke tsakanin azahar da magariba sun zama wani sashe na farillar kanta, kuma dalilin da ya sa suke bukatar kariya ta musamman shi ne ba su da mai tsaya musu: albashi yana da ƙungiyar ƙwadago, kwangila tana da ɗan kwangila mai bin ofis-ofis, yaron tasha kuwa ba ya jefa ƙuri'a, ba ya rubuta takardar koke, saboda haka kasonsa ne farkon wanda ake sokewa, kuma ba a jin kukan kowa.

Sai dai rinjayen da na ba wannan ɓangare yana da sharuɗɗa, kuma daga bakin abokan muhawararsu na ɗauko su. Kada a gina sabon gini ko ɗaya da wannan kuɗi, darasin makarantun Gagi da 'yan'uwanta ya isa. Kada a tara yara da yawa a wuri ɗaya, kada a kwana da su, kada a wuce la'asar sakaliya a inda hanya ba ta da aminci, a rarraba su ƙungiya-ƙungiya cikin unguwanni, inda mai unguwa da liman suka san kowane yaro da mahaifinsa. Kada a yi gasa da Islamiyya da makarantar allo, a daidaita lokaci da malamansu, a kai darasin karatu da lissafi har zaurensu idan sun yarda, kamar yadda dokar 2023 da ta kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta ta buɗe ƙofa. A biya telan gari da mai gyaran babur da mai haɗa sola da manomin albasa na fadamar Rima ladan koyar da yara uku ko huɗu a wurin aikinsa, domin sana'a a bakin aiki ake koyonta. A sa mata su koyar da 'yan mata a cikin gidaje, bisa sunnar 'Yan Taru. A garuruwan da har yanzu ake noma kuwa, a bar yaro ya yi safiyarsa a gona, a ba shi darasi bayan ya dawo.

Sharaɗi mafi girma shi ne na amana. A rubuta kason da sunansa a kasafin jiha da na ƙananan hukumomin biyu, ta yadda ba za a karkatar da shi zuwa wani aiki ba sai da yardar majalisa a bainar jama'a, a liƙa sunayen masu koyarwa da abin da aka biya kowannensu a ƙofar makaranta da ta fadar hakimi, a karanta a masallacin Juma'a kowane wata uku, domin abin da jama'a suka ji da kunnensu yana da wuyar sata. Hukumar Zakka da Wakafi ta jihar, da attajiran Gobir mazauna Sakkwato da Kano da Legas, suna iya ƙarawa da nasu, kuma Allah zai ba su lada, amma sadaka tana zuwa ne gwargwadon hali da niyya, alhali haƙƙi ana bin sa bashi, saboda haka tushen ya kasance daga baitulmali. A ƙarshen kowace shekara gwamna yakan kai kasafi gaban Majalisar Dokoki a Sakkwato, kuma Sabon Birni da Isa suna da wakilai a cikinta, to, wajibi ne a kan malamai da sarakuna da iyayen yara su kira waɗannan wakilai tun kafin lokacin, su tambaye su nawa aka rubuta wa yammacin 'ya'yansu da hutunsu, a wane shafi, kuma wa zai amsa idan ba a fitar ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya, ya shirya mana zuriya.